Ranar da Ta Kwance Ƙafar Inna

Da na ji labarin tsohuwar nas ɗin yankinmu ta samu kujerar Makka, har tana bi gida-gida neman yafiya, sai na haɗa kayana. A Gwaram nake aure, a can nake koyarwa a firamare. Na ce wa maigidana zan je in kwana biyu wajen Inna, tun da hutun makaranta ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Allah ya sa ziyara ce." Na ce ziyara ce mana. Alhali tarko na je ɗanawa. Na san dole matar nan ta biyo ta gidanmu, na kuma san Inna za ta ce ta yafe tun kafin a gama gaisawa. Ni kuwa na ci alwashi ba za ta ɗauki yafiyar nan a ɓagas ta wuce ba, sai ta kalli abin da ta yi da idonta.

Gidanmu yana wani ƙauye ne ta wajen Kwandiko. Asalinmu Fulani ne, amma tun zamanin kakanni aka zauna wuri ɗaya, ana noman dawa da gero, ga 'yan shanu a bayan gida. Fulatancin ya daɗe da barinmu, ni ban iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa. Abin da ya ƙi tafiya shi ne kara da kunya. Ban taɓa jin Inna ta ce wash ba. Kuma da yake ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido. In za ta yi min magana sai ta dubi bango, ko akuya, ta ce, "A ce wa waccan ta sauke tukunya," ko da kuwa mu biyu ne kaɗai a tsakar gidan.

Bayan rasuwar mahaifinmu ita ta ci gaba da kula da shanun. Wata safiya tana tatsa, wata saniya mai sabuwar haihuwa ta zabura ta taka mata ƙafar hagu, kofaton ya tsaga saman ƙafar. Inna ta ƙarasa tatsarta, ta kai nonon ɗaki ta rufe, sannan ta samu tsumma ta ɗaure wurin. Ba ta faɗa wa kowa ba. Wata maƙwabciya ce ta ga tana ɗingishi ta bugo min waya. Na zo na tarar ƙafar ta kumbura, na samu ɗan acaɓa muka sa Inna a tsakiya, sai ƙaramin asibitin da ke ƙauyen gaba da mu. Ɗakuna biyu ne da baranda, da darbejiya a ƙofa inda mata ke zaman jira. Nas ɗaya ce a wurin, kowa Sista yake ce mata.

Mace ce mai tsawa. Farar rigarta kullum a goge, takalminta yana ƙwas-ƙwas a siminti, in ta ɗaga murya har masu jira a gindin darbejiya sai sun nutsu. Mutanen ƙauye suna ganin duk mai faɗa haka to ya san aikinsa ne, ni ma da farko haka na ɗauka. Sai da ta zo wanke ciwon na ga wani abu daban. Ta maƙale auduga a bakin ƙarfe, ta miƙe hannu iya tsawonsa, ta kawar da fuska gefe, tana dangwala wa ciwon ruwan magani kamar mai taɓa garwashi. Ta zuba wani shuɗin magani, ta ɗora auduga, ta naɗe da bandeji da sauri, ta ce mu riƙa zuwa wanki.

Muka riƙa zuwa. Ina tashi daga makaranta in kamo hanya, in ɗauki Inna, mu je. Kullum abu ɗaya take yi. Za ta warware bandejin sama, in ta iso audugar da ta manne da nama sai ta tsaya, ta ɗora sabuwa a kanta, ta sake naɗewa. Tana naɗi tana tambaya, idonta yana kan taga.

"Inna, yaya ƙafar?"

"Da sauƙi," in ji Inna.

"Alhamdu lillahi." Sai ta juyo gare ni. "Kin ji dai da kunnenki."

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan har yau. Matar nan ba baƙuwa ba ce, a ƙasar nan aka haife ta. Ta san ko mutum yana bakin mutuwa aka gaishe shi da jiki, da sauƙi zai ce, balle tsohuwar Bafulatana. Ta sani sarai. Amsar ce ta yi mata daɗi, ta samu inda za ta laɓe.

Da na fara jin wari na kasa haƙuri. Na ce, "Sista, ba za a ɗaye ta ƙasan a ga ciwon ba? Ni fa ina jin wari."

Ta ajiye almakashi a faranti da ƙarfi. "Ke ce nas ko ni? In aka ɗaye ai ciwo ya dawo sabo. Ku malaman makaranta kun cika iyayi. In kin fi ni sani, ɗauke ta ki je ki yi mata a gida."

Na ce, "To ko mu gwada Birnin Kudu?"

"Me za su yi mata a can wanda ban yi ba?"

Na buɗe baki zan mayar mata, sai na ji Inna tana gaya wa bango, "A ce wa waccan ta yi shiru." A hanya na sake tayar da maganar Birnin Kudu, Inna ta ce sam. Wai mace tana iya ƙoƙarinta a kanka, sai ka tsallake ta ka tafi wani wuri, da wane ido za ka dube ta gobe? Amma ni na lura da abin da bakinta bai faɗa ba. Duk sanda ta jiyo ƙwas-ƙwas ɗin takalmin nan daga baranda, sai ta janye ƙafar a hankali ta ɓoye ta a ƙarƙashin zane, sai an ce ta miƙo.

Haka aka ɗauki makonni. Wata Asabar na iso gida da hantsi na ji shanu suna ta kuka, ba a tatse su ba. Na shiga ɗaki na tarar da Inna a kwance, jikinta zafi rau, ƙudaje sun rufe bandejin. Yatsun da suka leƙo ta gaba sun yi baƙi. Ranar ban nemi shawarar kowa ba. Na tsayar da wata mota mai kai hatsi kasuwa, muka shimfiɗa tabarma a kan buhuna, muka kwantar da ita. Ko ƙarfin cewa a'a ba ta da shi.

A babban asibitin Birnin Kudu muka faɗa hannun wata nas dattijuwa, gajera mai jiki, da tabarau a karan hanci. Babarbariya ce, zanen fuskarta ma ya isa ya gaya maka. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba mai fushi. Tana ganin Inna ta riƙe ƙugu.

"Iye, Bafulatana ce aka kawo min? Baiwata, ba zan tambaye ki yaya jiki ba, na san halinku. Ko wuta ake hura muku a baya, da sauƙi za ku ce. Ƙafar zan tambaya, ita ba ta da kunya."

Inna tana cikin wannan zazzaɓi sai da ta murmusa.

Matar nan ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora ƙafar Inna a kan roba a cinyarta. Ta jiƙa bandejin da ruwan magani, ta jira ya sha, sannan ta shiga ɗayewa, falle bayan falle, kamar ana ɓare albasa. Warin ya cika ɗakin, wata mai jinya a gadon kusa ta toshe hanci ta fita. Ita ko gezau, sai ma ƙara matsowa da ta yi tana gyara tabarau. Kafin ta taɓa ko'ina sai ta faɗa. "Nan zai yi zafi, Inna, riƙe hannun 'yarki." Inna ba ta riƙe hannuna ba, ƙarfen gado ta riƙe. Audugar ƙarshe da ta fito har yanzu da shuɗin maganin nan a jikinta. Ta ranar farko ce. Abin da ke ƙarƙashinta ba zan kwatanta shi ba.

Ta soki yatsan Inna ta auna jini, ta ce akwai ciwon suga, shi ya hana ciwon warkewa. Ta tambaye ni wa yake wanke ƙafar, na gaya mata. Ba ta zagi kowa ba, ta dai cije leɓe, ta tashi ta kira likita. Bayan sun gama dubawa ita ce ta dawo ta zauna a bakin gado, ta kama hannun Inna.

"Inna, ba zan ɓoye miki ba. Ƙafar nan daga nan zuwa ƙasa ta mutu. In aka bar ta, za ta tafi da ke. Likita zai cire ta daga ƙasan gwiwa. Ina nan sanda za a shiga da ke, kuma in kin farka ni za ki fara gani."

Inna ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Na bi nas ɗin baranda na tare ta. Na ce ta gaya min tsakaninta da Allah, da an kawo ta da wuri fa? Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "'Yata, rai da lafiya na Allah ne. Amma da an buɗe an gani tun farko, da wataƙila yatsa ne zai tafi, ba ƙafa ba." Wannan maganar na ɗauka na ajiye a ƙirjina, ban taɓa sauke ta ba.

Mun daɗe a asibitin. Abin mamaki, matar da ta kawo wa Inna mummunan labari, wadda take wanke mata ɗanyen dungu yana zafi, ita Inna take jira kowace safiya. Da ta jiyo muryarta daga ƙofa tana cewa, "Ina baiwar tawa?" sai Inna ta yaye zane da kanta ta miƙo dungun, tana cewa, "Barebari dai tun asali bayinmu ne, zo ki yi aikinki." Har yau duk kaka sai ta aika mata man shanu. Amma in ka tambayi Inna a kan nas ɗin nan biyu, duka za ta yaba. Za ta ce ta ƙauye ma ta yi ƙoƙari. Don haka ni na daina sauraron bakin marar lafiya a ƙasarmu. Ƙafarsa nake kallo, ko ya miƙo ta ko ya janye.

Muka dawo gida da sanduna biyu na hammata. Macen da take ɗaukar ƙwaryar nono ta taka har kasuwa ta dawo kafin azahar, ta koma sai an kama ta za ta zaga bayan gida. Aka raba shanun ga dangi su riƙe. Na so in kai ƙara, dattawan gidanmu suka taru a kaina, kowa ƙaddara, ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce. Amma ba ƙaddara ce ta riƙa naɗa sabon bandeji a kan tsoho ba, mutum ce, kuma na san fuskarta. Ko dubiya ba ta zo ba. In muka haɗu a kasuwar Gwaram sai ta shiga taya tumatir da ba ta da niyyar saye har in wuce. Shekaru suka tafi, ta yi ritaya, mutane suka manta. Ni ban manta ba.

To, sai ga wannan tafiya Makka. Malamai masu yi wa maniyyata bita suna gaya musu cewa aikin Hajji yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Shi ya sa za ka ga maniyyaci yana zaga gidaje kafin tashi. Na san yadda ake yi. Ba a faɗar laifi, jimla ake nema, a ce in na taɓa ɓata muku da sanina ko ba da sanina ba. Mai gida ya ce ya yafe, a shafa fatiha, a wuce gida na gaba.

Na tare a gidan Inna ina jira. Duk sanda na zo gida, da safe nakan wanke mata dungun da ruwan ɗumi, in shafa man kaɗanya, in naɗe da tsabtataccen ƙyalle, don fatar wurin tana yawan tsagewa. Amma tun da na zo sai na riƙa jan wankin zuwa hantsi, lokacin da baƙi suke shigowa. Inna ta lura, ta tambayi akuya ko waccan ta fara makara ne. Na ce ruwan ne bai yi ɗumi ba.

Ran nan kuwa sai ga sallama. Da ƙyar na gane muryar, ta yi laushi kamar ba ita ba. Ta shigo cikin dogon hijabi, carbi a hannu, silifas a ƙafa, babu sauran ƙwas-ƙwas. Inna tana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa tana saƙa faifai. Da matar ta gan ni sai ta ɗan ja baya, amma ta riga ta shigo. Ta durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da yara da damina. Sannan ta sunkuyar da kai ta karanto abin da ta haddace.

"Inna, Allah ya nufe ni da sauke farali bana. Shi ne na ce bari in zo, zama da mutane sai da saɓani. In na taɓa ɓata muku, da sanina ko..."

"Ba komai," in ji Inna. "Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya sa a yi karɓaɓɓe."

Matar ta sauke numfashi, ta shafa, ta dafa ƙasa za ta miƙe.

Na ce, "Sista, zauna. Allah ne ya kawo ki a kan gaɓa. Lokacin wankin ƙafar Inna ne."

Na shiga madafa na ɗauko kwanon ruwan ɗumi, da man kaɗanya, da ƙyalle, na dire a gabanta. Ta yi tsuru-tsuru.

"Malama, ai ni na bar aiki."

"Hannu ba ya ritaya. Kwance."

Na tsaya ina jiran Inna ta gaya wa bango a ce wa waccan ta yi shiru, domin kunyata baƙo a gidanta ba ƙaramin abu ba ne. Ban ji komai ba. Ta ajiye faifan a gefe. Ta sa hannu ta ja zanenta sama a hankali har gwiwa, ta miƙo dungun gaban matar, idonta yana kan katanga.

Matar ta kama bakin ƙyallen. Ta warware zagaye na farko, na biyu, da ta kusa fata sai na ga wuyanta ya fara juyawa gefe, yadda na saba gani.

Na ce, "Ba can ba. Nan za ki kalla."

Ta kalla. Dungu ne kawai, ya daɗe da warkewa, fatar ta tattare inda aka ɗinke. Ba wari, ba jini. Amma sai ka ce wuta aka nuna mata. Na durƙusa kusa da ita don kada kalma ɗaya ta wuce ta. Na ce a nan akwai ƙwauri, a nan akwai idon sawu, a nan akwai tafin da yake taka ƙasa zuwa masallacin Idi. Na ce audugar da ta sa ranar farko, da ita aka je Birnin Kudu, na gan ta da idona. Na ce wannan shi ne da saninki, ba wanda ba da saninki ba.

Ta fashe da kuka. "Tsoro nake ji, Malama. Wallahi tsoro nake ji. Tun muna makaranta ba na iya kallon ciwon da ya ruɓe. Na ji warin nan kafin ke. Na ji tsoron in buɗe in ga abin da ya fi ƙarfina, a ce ban iya aiki ba."

Na ce, "Da kin faɗi haka a lokacin, da ranar mun kwana a Birnin Kudu."

Ta wanke dungun tana hawaye, ta shafa man, ta naɗe. Naɗin bai yi kyau ba, sai da na sake shi daga baya. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na daɗe ina hango wannan rana, kuma da ta zo ba ta gaza ba ko kaɗan. Da ta gama ta juyo gare ni a durƙushe, ta ce, "Malama, ke ma ki yafe min, don Allah."

Na san falalar yafiya, ni ma ina koya wa yara ita a aji. Na ce, "Inna ta yafe nata, ita ta san abin da ta yafe. Ni nawa daban ne. Ni na riƙa goya uwata zuwa bayan gida. Ki je ki yi aikin Hajjinki, Allah ya kai ki lafiya. Nawa yana nan."

Ta daɗe a durƙushe ko zan sake magana. Da ta ga ba ni da niyya, ta yi wa Inna sallama ta fita, har ta manta carbinta a tabarma, sai da aka bi ta da shi.

Na shiga tattara kwano da ƙyalle, ina jiran faɗan da na san na jawo. Inna ta ɗauki faifanta ta riƙe, ba ta saƙa ba. Can sai na ji ta ce, "Ke."

Na waiga in ga da wa take. Ba bango take kallo ba, ba akuya ba. Ni take kallo, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Ta ce, "Ya yi zafi fa. Duk ranar da muka je wajenta, ya yi zafi."

Na ɗauki kwanon na zaga bayan gida na zubar da ruwan, na daɗe a can kafin in iya dawowa.

Daga baya an yi ta aiko min da mutane, daga dangi har matar liman, cewa in dubi girman Allah in yafe mata kafin jirginsu ya tashi. Duk wanda ya zo nakan ba shi ruwa ya sha, in saurare shi har ya gama, in tuna idon Inna a ranar. Jirgin ya tashi, ya dawo. Ban yafe ba.